Kwana goma sha ɗaya magani na cikin akwati

Ƙanwata ta karɓo maganin ranar Litinin, ta naɗe shi cikin leda, ta tura shi ƙarƙashin zannuwanta a akwati, kuma sai da ya kwana goma sha ɗaya a wurin kafin ta kira ni. Ɗanta yana da shekara tara. An sauya masa makaranta sau biyu, malamin Islamiyya ya aiko cewa ya gaji, kuma a jikinsa akwai tabon faɗuwa daga katanga, da na ƙuna, da na ranar da ya tsallaka titi a guje ɗan kabu-kabu ya buge shi. Bayan zuwa asibiti sau uku, da tambayoyi masu tsawo, da takardar da aka aika wa malamin ajinsa ya cike, likita ya ce yaron yana da larurar ƙarancin natsuwa da yawan ƙiriniya, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da haruffan ADHD, ya kuma rubuta masa magani. Da na isa gidan da la'asar, abin da ta fara ce mini shi ne: "Yaya, ni da hannuna za ni ba ɗana ƙwaya? In ya tashi ɗan ƙwaya, mi za ni ce ma Allah?"

Ban yi mata dariya ba, kuma ba na ganin ya dace wani ya yi wa uwa irinta dariya. Na koyar a firamare fiye da shekara ashirin a cikin garin Sakkwato da kewayensa, kuma tun daga wannan rana nake ta karatu da tambaya a kan wannan larura. Inda na tsaya a yau shi ne, tsoron da iyaye ke ji tsoro ne mai tushe, amma yawancinmu muna auna haɗarin maganin ne kaɗai, mu manta da ɗora haɗarin barin yaro haka nan a ɗaya gefen ma'aunin, kamar dai ƙin ba da magani ba hukunci ba ne da ke da nasa sakamakon.

Kalmar "ƙwaya" ta lalace a bakinmu, kuma kowa ya san dalili. Duk wanda ya ratsa bayan tasha ko gindin wata gada da magariba ya ga matasan da tiramadol da kodin suka mayar abin tausayi. A watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin saboda yadda abin ya yi ƙamari a Arewa, kuma binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya ƙiyasta cewa 'yan Nijeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da kayan maye a shekarar da ta gabaci binciken. Uwar da ta ga ɗan maƙwabta ya koma haka ba za ta ji an ce ɗanta zai riƙa haɗiyar ƙwayar da ke taɓa ƙwaƙwalwa kowace safiya ba tare da gabanta ya faɗi ba. Akwai kuma tsohon ciwo. Ba mu manta da abin da ya faru a Kano a 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a binciken da ya ƙunshi yara 200, inda 11 suka mutu, kuma wannan na cikin abin da ya rura wutar ƙaurace wa allurar shan-inna a 2003. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Likitan da ya ɗauki wannan tsoro a matsayin jahilci bai san mutanen da yake dubawa ba.

To amma ya kamata mu san abin da muke jin tsoro. Maganin da aka fi rubuta wa yara shi ne metilfenidet, wanda aka fi sani da sunayen kasuwa irin su Ritalin da Concerta. Ba sabon magani ba ne da ake neman wanda za a gwada shi a kansa. An haɗa shi a 1944 a birnin Basel na ƙasar Suwizalan, kuma tun farkon shekarun 1960 ake ba yara shi, wato ya girmi yawancin iyayen da ke karanta wannan rubutu. Tun kafin shi ma, a 1937, wani likita a Amurka mai suna Charles Bradley ya ba yaran da ke ƙarƙashin kulawarsa wani magani mai zaburar da ƙwaƙwalwa da nufin rage musu ciwon kai, sai ya lura cewa da yawansu sun natsu, sun kuma fara mai da hankali ga darasi. Ita kanta larurar an daɗe da bayyana ta a rubuce: wani likita ɗan Sikotlan, Alexander Crichton, ya siffanta ta a 1798, shekara shida kafin hijirar Shehu zuwa Gudu, sannan George Still ya yi laccoci a kanta a Landan a 1902.

Mutane da yawa suna zaton maganin na kwantar da yaro ne kamar maganin barci, ya mayar da shi dolo. Aikinsa akasin haka ne. A ƙwaƙwalwa akwai sashen da ke riƙe da linzami, wanda ke ce wa mutum dakata, ƙarasa wannan kafin ka taɓa wancan, kada ka tsallaka sai ka duba. A yaro mai wannan larura, saƙon da ke tafiya ta sinadaran dofamin da noradirenalin a wannan sashe yana da rauni, shi ya sa kowane motsi da kowace ƙara ke fizgar hankalinsa. Maganin yana ƙara wa waɗannan sinadarai daɗewa a inda suke aiki, sai linzamin ya riƙu. Nau'in gajeren zango yana fara aiki cikin kusan rabin sa'a, ya yi sa'a uku zuwa huɗu ya fita, nau'in dogon zango kuma yana kai sa'a takwas zuwa goma sha biyu. Wannan bayani shi ne ya fi kwantar wa ƙanwata da hankali, domin ta ɗauka ƙofa ce da in an shiga ba a fita. Ana farawa da ɗan kaɗan, a ƙara a hankali cikin 'yan makonni ana kallon yaron, in bai karɓe shi ba a dakatar, washegari kuma babu sauransa a jiki. Kimanin yara bakwai cikin goma ne yake yi wa amfani a fili, sauran kuma a nema musu wata hanya.

Maganar zama ɗan ƙwaya kuwa, gaskiya biyu ce a cikinta, kuma dole a faɗe su duka. Ta farko, metilfenidet yana cikin magungunan da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 ta sa wa tsauraran matakai, domin wanda ba shi da larurar zai iya shan sa da yawa ko ya daka ya shaƙa don neman maye. Saboda haka a gida irin namu, mai yayye samari da 'yan'uwa da baƙi masu shiga da fita, wajibi ne maganin ya zauna a kulle a hannun mutum ɗaya, a kuma riƙa ƙirga shi. Ta biyu ita ce wadda ba a cika faɗa mana ba: ita larurar, idan aka bar ta, tana cikin abubuwan da ke kai matashi ga shaye-shaye, domin yaron da ba ya iya dakatar da kansa, wanda aka kora daga aji, wanda ya ji kalmar "daƙiƙi" har ya yarda da ita, shi ne abokan banza suka fi saurin samu. Binciken da aka yi ta bin yara har girmansu bai nuna cewa shan maganin bisa umarnin likita yana ƙara haɗarin shaye-shaye ba, wasu manyan bincike a ƙasar Suwidin ma sun sami raguwarsa. A wani binciken na can da aka buga a 2012, wanda ya duba mutum fiye da 25,000 masu larurar, an ga aikata laifi ya ragu da kusan kashi ɗaya bisa uku a tsakanin maza a lokutan da suke shan magani idan aka kwatanta da lokutan da ba sa sha. Suwidin ba Sakkwato ba ce, amma ƙwaƙwalwar ɗan Adam ɗaya ce.

A nan dole in faɗi abin da ke damuna a raina. A shekarun da na yi ina riƙe da alli, na ga irin waɗannan yara a kowane aji, kuma abin da na sani game da su shi ne tsumagiya. Ƙiyasin da aka fi yarda da shi a duniya ya ce kimanin yara biyar cikin ɗari ne ke da larurar, ke nan a aji mai yara tamanin, irin wanda na sha koyarwa, akwai kamar huɗu. Na tuna wani yaro da nake duka kusan kullum saboda tashi daga benci, kuma na tuna yadda yake kuka yana rantsuwa cewa ba zai sake ba, bayan minti goma kuma ya sake. A lokacin na ɗauka raini ne. Yanzu na gane cewa da gaske yake rantsuwar, kuma shi ma bai san abin da ke tayar da shi ba. Bai gama aji biyar ba. Na gan shi bayan shekaru yana tura baro a kasuwa, idanunsa jajaye, ya durƙusa ya gaishe ni da "Malam", ni kuwa na kasa haɗa ido da shi. Muna cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma gaskiya ne, sai dai ba mu taɓa zama mun tambayi kanmu abin da shekara biyar na duka ke yi wa zuciyar yaron da bai san laifinsa ba. Babu wanda ya taɓa neman takardar likita kafin ya ɗaga bulala, babu kuma wanda ya taɓa auna illarta duk bayan wata uku.

Duk da haka ba zan ce wa kowace uwa ta garzaya neman magani ba, kuma a nan ne nake ganin masu taka-tsantsan sun fi masu gaggawa gaskiya. Ƙuruciya dangin hauka ce, in ji magabata, kuma ba duk yaro mai rawar kai ne ke da larura ba. Ka'idar likitoci ita ce alamomin su bayyana kafin shekara 12, su ɗauki aƙalla wata shida, a gan su a wuri fiye da ɗaya, kamar gida da makaranta, kuma su kai ga cutar da rayuwar yaron, ba kawai su gajiyar da manya ba. Babu gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa da ke tabbatar da ita, dogaro ake yi da labari mai tsawo daga iyaye da malamai, shi ya sa likitan da ya rubuta magani bayan minti biyar bai yi aikinsa ba.

A ƙasarmu kuma akwai abubuwa da yawa da ke sanye da rigar wannan larura alhali ba ita ba ce. Yaron da ya fito gida da ruwan koko kaɗai a cikinsa ba zai natsu da ƙarfe goma sha ɗaya ba. Yaron da kunnensa ke zubar da ruwa tun yana ƙarami, ba ya jin malam daga bencin baya, shi ma za a ce ba ya sauraro. Haka mai ƙarancin jini, da wanda ba ya ganin allo, da wanda zafin Afrilu da sauro suka hana barci, da mai wani nau'in farfaɗiya da ba ta kayar da mutum, sai dai ya ƙura ido na 'yan daƙiƙu ya dawo bai san ya tafi ba. Zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai yana iya barin yaro da matsalar natsuwa bayan ya warke. Gubar dalma ma haka, kuma maƙwabtanmu na Zamfara sun ga bala'inta a 2010, lokacin da yara kimanin 400 suka mutu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum saboda sarrafa dutsen zinare a cikin gidaje. Sai kuma babban abin da ya same mu a shekarun nan: yaran da suka gudo daga Sabon Birni da Isa da Rabah, waɗanda suka ga abin da bai kamata babba ma ya gani ba. Yaron da ke firgita da ƙarar babur, yake duba ƙofa kowane lokaci, ba ƙwayar natsuwa yake bukata ba, aminci yake bukata da wanda zai saurare shi. Uwa tana da haƙƙin ta tambayi likita ko ya kawar da waɗannan duka kafin ya ɗauki biro.

Illolin maganin ma ba tatsuniya ba ne. Mafi yawa shi ne rage cin abinci, sai wahalar samun barci idan an sha shi da yamma, da ciwon kai ko na ciki a makonnin farko, da ɗan ƙarin bugun zuciya da hawan jini kaɗan. Wasu yaran suna yin fushi ko kuka lokacin da maganin ke fita daga jiki, wasu kuma suna yin shiru fiye da kima, wanda alama ce ta cewa adadin ya yi yawa, a koma wurin likita. Bibiyar shekaru ta nuna cewa masu shan sa na dogon lokaci suna iya rasa kamar santimita ɗaya zuwa uku na tsawonsu. A Turai wannan ƙaramin abu ne. A yankin da binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna fiye da rabin yara 'yan ƙasa da shekara biyar a Arewa maso Yamma sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki, maganin da ke kashe yunwa abu ne da ya kamata a sa wa ido sosai. Don haka ake ba shi bayan yaro ya karya da kyau, a tanadar masa abinci mai nauyi da dare lokacin da yunwar ta dawo, a kuma riƙa auna nauyinsa da tsawonsa a rubuce. Kafin a fara, likita zai tambaya ko yaron yana suma in ya yi gudu, ko akwai wanda ya yi mutuwar fuju'a da ƙuruciya a dangi, kuma a nan kunya da ɓoye sirrin gida suna iya yin kisa. Akwai wani magani daban, atomoksetin, wanda ba ya cikin masu zaburarwa kuma ba a neman sa don maye, sai dai yana ɗaukar makonni kafin ya nuna aiki, kuma yana ɗauke da gargaɗin a lura da yanayin zuciyar yaro saboda tunanin cutar da kai da aka gani a 'yan kaɗan.

Masana ma ba bakinsu ɗaya ba a kan girman amfaninsa. Babban binciken da aka yi a Amurka da Kanada, wanda aka buga a 1999, ya raba yara 579 gida huɗu na tsawon wata 14, ya kuma sami cewa magani da ake bibiya da kyau ya fi horon ɗabi'a shi kaɗai rage ainihin alamomin, haɗa biyun kuma ya fi gamsar da iyaye. Amma da aka sake duba yaran bayan shekara uku, tazarar da ke tsakanin rukunonin ta ɓace. Kwamitin Hukumar Lafiya ta Duniya ya ƙi sa metilfenidet cikin jerin magunguna na wajibi a 2019 da 2021, yana cewa hujjojin amfaninsa na dogon lokaci ba su yi ƙarfi ba, yayin da ƙungiyoyin likitocin yara da na ƙwaƙwalwa da dama suka yi masa raddi. Abin da na fahimta daga wannan muhawara shi ne maganin kamar tabarau yake: yana aiki muddin ana sanye da shi, ba ya warkar da ido, ba ya kuma koya wa mutum karatu. Yana buɗe 'yan sa'o'i da yaro zai iya zama ya ji, abin da aka zuba masa a waɗannan sa'o'i kuma aikin iyaye ne da malamai. Shi ya sa a Ingila da Amurka ƙa'idar ita ce ƙananan yara da ba su isa shiga firamare ba a fara da koya wa iyaye dabarun tarbiyya, ba da magani ba.

Dabarun nan ba su bukatar kuɗi. A ba yaro umarni ɗaya a lokaci ɗaya, ana kallon idonsa, maimakon a aike shi ya sayo magi da gishiri da kalanzir ya biya gidan Gwaggo a numfashi ɗaya. A zaunar da shi a bencin gaba, nesa da taga. A raba masa aikin gida gajere-gajere, a bar shi ya miƙe tsakani. A yaba masa nan take idan ya yi daidai, domin irin wannan yaro yana iya yin mako bai ji kalma mai daɗi ba. Mu kuma duba jadawalin da muka ɗora wa 'ya'yanmu: makarantar allo da asuba, boko har azahar, Islamiyya da la'asar, wani lokaci da karatun dare. Wannan zama ne da babba ma zai ji a jikinsa, kuma yaron da aka halitta da bukatar motsi ba shi da sa'a ɗaya ta gudu da ba za a kira ta rashin ji ba.

'Yan mata kuma kusan babu mai maganarsu. Da yawansu ba sa ƙiriniya, natsuwar ce kawai babu. Ita ce yarinyar da ke barin tukunya ta ƙone, take manta abin da aka aike ta, take zaune shiru a aji hankalinta yana wata duniya. Ba ta damun kowa, don haka babu mai kai ta asibiti, sai dai a ce sakarya ce, a yi ta yi mata gorin cewa ba za ta iya riƙon gida ba, ta tafi gidan miji da wannan suna a kanta.

Wani abin da ke tsayar da iyaye shi ne abin da mutane za su ce. A Sakkwato idan aka ce "a kai shi Kware", kowa ya san zagi ne, alhali Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke can wuri ne na neman lafiya kamar kowane asibiti, kamar yadda Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yake da likitocin yara da na ƙwaƙwalwa. Uba yana tsoron ranar da za a zo binciken aure a ce an taɓa ganin yaron a can. Kaka tana cewa iska ce, ko baki, ko kuma ubansa ma haka ya yi kuma ga shi ya zama mutum. A wannan magana ta ƙarshe tana da gaskiya fiye da yadda take zato, domin larurar tana bin jini ƙwarai, kuma sau da yawa uban da ya fi tsananin dukan yaro kansa yake gani a cikinsa. Ni ban ga karo tsakanin tofi da takardar likita ba. Hadisi ya tabbata a Buhari cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta. A wannan gari kuma muna da abin koyi na kusa: Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce a kan ilimin magani, har da ciwon ido da basur, kuma da Baturen nan Clapperton ya zo Sakkwato a 1824, cikin abubuwan da Bello ya nema daga Ingila har da a aiko masa da likita. Wanda ya gaji wannan gida bai kamata ya ji kunyar tambayar likita game da ƙwaƙwalwar ɗansa ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro ba yawan ba da wannan magani ba ne, domin mu ba mu kai nan ba. Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya 'yan ɗaruruwa ne kawai ga mutum fiye da miliyan 200, masu ƙwarewa a kan yara kuma 'yan ƙalilan ne daga cikinsu. Maganin daga waje ake shigo da shi, yana da tsada, tsadar ta ƙaru tun faɗuwar naira a 2023, kuma yakan yanke. Abin da ke cike wannan giɓi shi ne kyamis ɗin unguwa. Na ji da kunnena uwa tana ba wata shawarar ta riƙa ba ɗanta maganin mura mai sa barci don ya bar ta ta huta, na kuma san gidan da ake ba yaro maganin kwantar da hankali na manya ba tare da wani likita ya gan shi ba. Ga ƙwayar da ya kamata a ji tsoro, amma ita babu wanda ke ɓoye ta kwana goma sha ɗaya, domin ba ta zo da sunan ciwon ƙwaƙwalwa ba. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ba za ta taɓa rayuwar yaro a Mabera ko Gidan Igwai ba sai ranar da gwamnatin jiha ta sa wannan darasi a horon malaman firamare, kwalejin ilimi ta fara yaye malaman da suka san bambancin raini da larura, maganin kuma ya samu a kantin asibitin gwamnati da farashin da ma'aikaci zai iya biya.

A daren ranar da ƙanwata ta kira ni, na zauna da ita da mijinta muka rubuta tambayoyinmu a bayan littafin yaron, guda tara, muka koma wurin likita da su. Ya amsa bakwai, biyu kuma ya ce sai an gwada za a gani. Muka yi yarjejeniya a kan wata ɗaya, muka kuma zaɓi abubuwa uku da za mu duba: ko yana gama aikin aji, ko ana kiran uwar daga makaranta, da kuma yadda yake cin abinci. Ta ba shi ƙwayar farko ranar Asabar, bayan ya ci ɗumame, don ta wuni tana kallonsa, kuma ta ce mini ta yi bisimilla hannunta yana rawa.

Yanzu wata biyar ke nan. Ya rage kilo ɗaya a watan farko, sai aka sauya lokacin shan maganin aka ƙara masa fura da nono da dare, nauyin ya dawo. Har yanzu yana hawa katanga, yana kuma faɗa da ƙannensa, Islamiyyar yamma ma ba ta gyaru sosai ba domin kafin la'asar maganin ya fita. Kakarsa ba ta yarda ba har gobe, tana cewa rubutun da take ba shi ne ya yi aiki, kuma babu wanda ya hana ta ba shi. Likita ya ce a hutun ƙarshen shekara za a dakatar da maganin a ga yadda yake ba tare da shi ba. Makon jiya na je gidan, na tarar da shi kwance a kan tabarma yana kwafar darasin lissafi, sai ya ɗago ya ce: "Kawu, dakata in ƙare wanga layi."